Littafin da Na Buɗe ta Baya

Matso kusa, ɗan'uwa, ja tabarmar nan ka zauna. Maganar da zan faɗa maka ba ta ɗaga murya ba ce. Mutanen gidan nan ma rabinta suka sani, kuma rabin da suka sani shi ne na ban dariya.

Ni mutuniyar Mafara ce. Nan aka haife ni, nan aka yi mini aure, kuma in ka cire biki da gaisuwar mutuwa, ƙafata ba ta cika wuce zaure ba. Ba hana ni aka yi ba, tun maigida yana da rai bai taɓa matsa mini ba. Ni dai gida nake so. In na share tsakar gida na shimfiɗa tabarma gindin darbejiya, duniya ce ke zuwa ta same ni: mai daddawa, mai kitso, mai neman aron turmi, mai neman wanda za ta yi wa ƙorafin mijinta. Allah ya ba ni kunne. Daga sallamar mace a zaure nake gane ko ta karya kumallo ko ba ta karya ba. Karatuna na allo ne, shi ma ban yi nisa ba aka cire ni. Boko kuwa sai da na tsufa na shiga ajin manya, bayan abin da zan ba ka labari ya riga ya faru.

Cikin masu zuwa gidana akwai wata Bafillatana mai nono, daga wata ruga can wajen Damaga, a ƙasar Maradun. Gidana ne masaukinta. Ka san yadda abin yake a wajenmu: kowace mai nono da ke cin kasuwar Talata tana da gida guda a cikin gari inda take sauke ƙwarya, ta sha ruwa, ta yi salla, ta miƙe ƙafa kafin ta koma. Ba haya ba ce, ba ciniki ba. In ta zo ta zuba maka nono a kwano, wani lokaci da ɗan curin man shanu, kai kuma abin da aka dafa a gidan shi za ta ci. Tana da butarta da ƙaramar tabarmarta a bayan ƙofar ɗakina, ba mai taɓa su daga Talata sai Talata. Haka muka yi sama da shekara ashirin. Ta ga haihuwar autana, na ga aurar da 'yarta.

Ba ta taɓa kirana da suna ba. In tana jin tsiya ta ce mini Kaɗo, yadda Fulani ke kiran Bahaushe, in tana jin kirki ta ce ƙawa.

"Ke Kaɗo," ta kan ce, "wagga hura taki ko dutsin niƙa ta? Haƙorana guda nawa sunka rage da za ki ƙarasa mini su?"

Ni kuma in ce, "In nonon naki bai sha gulbi ba ai da ta jiƙa. Rabinshi ruwa na, Fillo, ki ji tsoron Allah."

Sai ta kama haɓa ta yi ta rantsuwa da shanun da ba nata ba, mu yi ta dariya har maƙwabta su leƙo ta katanga.

To, sai ƙasa ta rikice. Ba sai na tsaya ina ba ka labarin yadda ta rikice ba, kai ma kana da naka. Namu dai ya zo ta kan ƙanena, wanda muke ciki ɗaya, manomi a wajen Ruwan Gizo. Yana huɗa da shanunsa biyu da hantsi mutane suka fito daga daji da bindigogi suka kwance su. Shi kuma da taurin kai irin na gidanmu ya bi su yana roƙo. Da la'asar aka ɗauko gawarsa a amalanke. Ni na goye shi yana jariri, ni na koya masa cin tuwo da hannun dama. Da aka ce mini waɗanda suka yi abin da Fillanci suke magana, wani abu ya rufe a ƙirjina kamar an danna murfin tukunya.

Ƙawata ba ta zo gaisuwa ba, don lokacin hanya ba ta biyuwa, kuma ba a jima ba aka rufe kasuwanni, aka ɗauke layin waya. Amma labari bai fasa zuwa gindin darbejiyata ba. Na ji an kore musu shanu kaf, su ma mutanen dajin ne suka kore. Na ji bayan haka wasu masu ɗaukar fansa sun zo sun sa wa rugarsu wuta. Na ji an tare ɗanta a hanya, wanda na sani tun yana bin ta da ƙaramar sanda, bai koma gida ba. Duk na ji da kunnen nan nawa. Ban aika ba, ban tambaya ba. In an kawo maganar sai in ce Allah ya kyauta, in tashi in duba tukunya.

A cikin wannan hali ne jikata ta shigo da littafin. 'Yar babban ɗana ce, lokacin shekararta shida, tana aji ɗaya, ba ta iya haɗa baƙi ba tukuna. Wasu mutane ne suka zo makarantarsu da kwalaye suka raba wa yara littattafan hotuna, wai don yara su koyi zama lafiya da juna. A ranar da aka raba, a ranar aka sallame su, aka ce kowa ya zauna gida sai abin da hali ya yi. Malamarsu ba ta ko samu ta karanta musu ba. Uwarta, surukata, mace mai tattali, tana karɓar littafin ta naɗe bangonsa da takardar buhun siminti don kada ya yi datti, gaba da baya duk ya zama ruwan ƙasa.

Da la'asar yarinyar ta zo ta faɗa kan cinyata.

"Kaka, karanta mini."

"Ke tahi can. Yaushe na zama malamar boko?"

"Ai hoto na. Ko makaho ya iya."

"Ni ce makauniyar? Kawo nan, ja'ira."

Na karɓa, na yi bisimilla, na buɗe shi yadda na saba buɗe kowane littafi tun ina yarinya, yadda ake buɗe izu, daga dama. Ban san akwai wata hanya ba. Wallahi a ranar farko ban sani ba, wannan kam ko gaban wa zan faɗa.

Ga abin da na gani. Shafin farko, mutane zaune gindin itace suna cin tuwo a akushi ɗaya: manomi da matarsa da 'yarsu, da wani makiyayi dogo mai malfa, ya jingine sandarsa, ga 'yar akuya fara ɗaure a turke. Na juya. Makiyayin a ƙofar gida, 'yar akuya a saɓe a wuyansa, manomi ya ɗaga hannu biyu sama, bakinsa buɗe. Na juya. Makiyayi a kan hanya shi kaɗai da akuya a wuya. Na juya. Ga shi cikin shanunsa, akuya a gabansa. Na sake juyawa, akuya ita kaɗai a daji bakin gulbi, ƙaya ta kama igiyarta. Shafin ƙarshe, yarinya tsugune gaban turke, babu komai a jikinsa, tana kuka.

Wa zai ga wannan ya ce bai gane ba? Labarin ya fito daga bakina kamar dama yana jira. Na ce baƙo ne ya zo, aka karɓe shi, aka ba shi tuwo. Da ya ƙoshi ya tashi ya saɓi akuyar gidan, maigida yana salati yana roƙonsa, bai waiga ba. Ya kai ta daji, da ya ga ba ta da nama ya yar da ita ga kura. Yarinya tana nan tana kuka har yau. Har waƙa na sa masa, don ni ba na ba da labari babu waƙa:

Ya ci tuwo, ya lashe hannu,
ya saɓi akuya, ya bi hanya.

Idon jikata ya kawo ruwa, ta ce in sake. Washegari ta zo da ƙawayenta uku. Kafin mako ya zagayo yaran layinmu duk sun san da la'asar akwai littafi a gidan Kaka. Babu makaranta, iyaye ba sa barin su su yi nisa, ina za su? Su zauna su kewaye ni, in buɗe, in na zo wurin waƙa su amsa da tafi. Ni kuma, ba zan ɓoye maka ba, daɗi nake ji. Tun rasuwar ƙanena ban samu abin da ya sassauta mini ƙirji kamar wannan ba. Abin da ban iya faɗa wa manya ba, ga shi ina faɗa wa yara da hoto mai launi, suna tafa mini.

Ran nan ina cikin bayarwa surukata ta zo wucewa da tsintsiya. Ita ta yi makaranta har sakandare a Bakura, garinsu. Ta tsaya bayana jim, sannan ta durƙusa, murya ƙasa ƙasa, kanta a sunkuye.

"Inna, ko a juya shi? Kamar ta nan gefen ake farawa."

Gaban yara. Na ji abin ya sosa ni.

"Ke 'yar nan, ni za ki koya wa buɗe littafi? Tun ba a haifi uwarki ba nike buɗe littafi. Je ki ga shararki."

Ta ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Inna," ta tashi.

Yarinyar kirki ce, ba ta iya musu da ni ba, amma tana da dabararta. Washegari da hantsi, yara ba su zo ba, ina tsince shinkafa a ƙofar ɗakina, sai na ji muryarta daga nata ɗakin. Ta ɗauki littafin tana karanta wa jaririn da ke cinyarta, ɗan wata biyar, wanda ko sunansa bai sani ba. Tana karantawa a hankali, da ƙarfi daidai yadda zai ƙetare tsakar gida. Na san don wa ake yi.

Ga abin da ta karanta. Wata yarinya ta tashi da safe ta tarar 'yar akuyarta ta tsinke. Akuya ta yi nisa har bakin gulbi, ƙaya ta riƙe ta. Wani makiyayi ya ji kukanta, ya cire ta, ya kai ta cikin shanunsa ya ba ta ruwa. Ya bar kiwonsa ya saɓo ta, yana tambaya gida gida. Da manomi ya gan shi a ƙofa ya ɗaga hannu yana godiya ga Allah. Ya ce ba za ka tafi ba sai ka ci tuwonmu.

Hannuna ya tsaya cikin shinkafa. Kowace kalma ta shiga. Da surukata ta fita ɗebo ruwa na lallaɓa na ɗauki littafin na buɗe ta hagu, na bi shi a hankali. A hoton hanya ma, da na duba da kyau, ga rufin gidan can gaban makiyayin, fuskarsa gida take kallo. Kwana nawa ina nuna wa yara wannan shafi da yatsa, ban gani ba.

To, nan ne maganar take, ɗan'uwa. Da la'asar yara suka taru. Littafi yana hannuna. Na san gabansa, na san bayansa. Na juya shi sau ɗaya, na juya shi sau biyu. Jikata ta ce, "Kaka, fara mana, wurin tuwo." Sai na ce a raina, wanda ya zana wannan yana zaune can inda ba a kwance wa kowa shanu, me ya sani? Nawa ya fi gaskiya. Na buɗe ta dama.

Ba rana ɗaya ba, ba biyu ba. Har aka buɗe kasuwa ina buɗe shi ta dama. Surukata ba ta ƙara cewa komai ba, sai dai in na fara ta ɗauki jaririnta ta shige ɗaki.

Wata Talata, rana ta take, na ji sallama a zaure. Kafin ta rufe baki na gane ta, ko da yake muryar ta sirance kamar an matse ta. Ta shigo da 'yar ƙaramar ƙwarya, ba irin wadda na sani ba mai faifai uku. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo. A bayanta wata 'yar yarinya ce, ba ta fi shekara biyar ba, riƙe da gefen zanenta. 'Yar ɗan nata ce da aka tare a hanya.

Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, lafiya lau, lafiya lau, kowa idonsa a ƙasa. Ta durƙusa ta yi mini ta'aziyyar ƙanena, ta kira shi da sunan da take tsokanarsa da shi, ta tuna ranar da ya ɗora mata ƙwarya a kan kekensa har tasha. Ta yi kuka. Ni da ya kamata in mayar mata da ta ɗanta, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Allah ya jiƙan musulmi." Shi ke nan. Ta ɗaga ido ta dube ni, ta mayar.

Duk da haka ta jawo kwanona da kanta, ta san inda yake, ta zuba nono. Ta ce na shanun wani ɗan'uwansu ne da suka raɓa a wurinsa, guda biyu suka rage masa. Na kawo tuwon dawa da miyar kuka, suka ci ita da yarinyar. Yadda yarinyar ke cin tuwon ya sa na kau da kai. Da aka kira azahar ta shiga bayan ƙofata ta ɗauko butarta da tabarmarta, suna nan inda ta bar su, ƙura ta rufe su. Ta kakkaɓe, ta ce, "Ashe ba ki ba akuya ta cinye ba, Kaɗo." Na yi 'yar dariya. Na ji kamar murfin nan na ƙirjina zai ɗaga.

Ta tada salla a inuwar katanga. Ni na shiga madafa. Jikata da ƙawayenta huɗu, da suka ga baƙuwar yarinya, suka ja ta gindin darbejiya za su nuna mata abin da suka fi ji da shi. Ina jin su. Na ji ƙarar takardar siminti. Da na fito a lokacin na karɓe littafin da komai bai faru ba, amma na tsaya ina goge tukunyar da ba ta da datti.

Yarinyar ba ta jin Hausa sosai. Da suka buɗe shafin tuwo ta ga dogon mutum mai malfa da sanda, sai ta ɗora yatsa a kansa, ta yi murmushi, ta ce, "Baffa."

"Baffanki na?" in ji jikata. "Ai ɓarawo na!"

"Baffa," yarinyar ta sake cewa.

"Ku ji, ta ce baffanta na! Baffanta ya saci akuya!"

Sai tafi ya tashi. Ya ci tuwo, ya lashe hannu, ya saɓi akuya, ya bi hanya. Wata ta naɗe ɗankwali ta ɗora wa yarinyar a wuya, wai ita ce mai saɓa akuya, su kuma suna zagaya ta. Ita ba ta gane ba da fari, har tana taya su tafi. Sai da ta ga bakinsu da yatsunsu sannan ta tsaya, ta fashe da kuka.

Na fito da gudu ina cewa kai, kai, ku bari. Ƙawata ta riga ta sallame. Tana zaune kan tabarma, tafin hannunta a kan gwiwa, ba ta motsa ba. Ban san tun raka'a ta nawa take ji ba.

"Yara na," na ce. "Shirmen makaranta na, can sunka jiyo shi."

Jikata ta dube ni da idon nan nata mai gaskiya. "A'a Kaka, ke kinka koya muna. Ke kinka ce in sun ci tuwon mutum sai sun ɗauki wani abu."

Ban tuna na faɗi haka ba. Amma na san na faɗa, don da irin lanƙwasar muryata ta maimaita shi.

Ƙawata ta ce, "Ba sai ta faɗi ba. Na ji muryarki cikin waƙar. Shekara nawa ina jin ki kina yi wa ɗiyanki waƙa, in kasa gane taki?"

Ta tashi a hankali. Ta cire ɗankwalin daga wuyan jikarta ta ninke ta miƙa wa mai shi. Ta naɗe tabarma, ta zubar da sauran ruwan buta a gindin itace. Ta zo gabana ta buɗe hannuwanta biyu, har da ɗaga gefen mayafi.

"Duba, ƙawa. Na ci tuwonki, na lashe hannu. Buta tawa ta, tabarma tawa ta. Ki duba da kyau tun ina nan, kada bayan na tahi a ce na saɓi wani abu."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta zage ni da na samu abin riƙewa. Ta ɗora ƙwarya, ta kama hannun yarinyar, ta yi wa surukata sallama ta ƙofar ɗaki, ta fita. Nonon da ta zuba mini yana nan cikin kwano. Ban iya sha ba, ban iya zubarwa ba, har ya tsinke.

Washegari na tara yaran na buɗe littafin ta hagu. Na ba su labarin yadda yake, na sa murya, na yi ƙoƙari. Suka yi ta kallona. Wata ta ce, "Ba haka yake ba." Wata ta ce, "Ina waƙar?" Na ce babu waƙa. Suka ce wannan ba daɗi, suka watse. Har bayan wata biyu ina jin waƙar tana tashi daga wasu gidaje, a bakin yaran da ban taɓa gani ba, suna tsallen igiya da ita. Ranar da na ji wata mai tallan gyaɗa tana rera ta a zaurena na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

Talata ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Ba ta dawo ba. Na sa ɗana ya duba rumfar masu nono, aka ce sun tashi daga inda suka raɓa, ba a san inda suka nufa ba. Jikata ta koma makaranta, ta iya karatu, wata rana na same ta ita kaɗai da littafin tana bin layi da yatsa. Ta ɗago ta ce, "Kaka, ashe dawo da ita ya yi." Na ce eh. Ta ce, "To don mi kinka ce ya sace?" Ubanta ya shigo daidai lokacin, ya kwashe da dariya, ya ce ai Kakarki ta baya ta buɗe, irin na allo. Daga nan labarin ya zama abin dariyar gida. In an yi baƙi sai an ba su: Inna da ta karanta littafi daga ƙarshe ta mai da mutumin kirki ɓarawo. Ni ma in taya su dariya. Surukata kaɗai ba ta dariya, ba ta kuma taɓa tada maganar ba.

Watan jiya surukar tawa ta je suna Bakura. Da ta dawo, bayan ta huta, ta zo ta durƙusa inda ta saba.

"Inna, na ga mutuniyarki."

Ashe can suke, a bayan gari, wurin 'yarta da ke aure. Babu nono yanzu, faifai take saƙawa ana kai mata kasuwa, idonta ɗaya ya fara hazo. Surukata ta gan ta a gidan sunan, ta bi ta har ɗaki ta gaishe ta. Sai ta ba ta labarin takardar siminti, da yadda na buɗe littafin ta dama don ban san boko ba, da yadda hotunan suka juye. Ta kwatanta mata shafi shafi.

"Mi ta ce?" na tambaya.

"Dariya ta yi, Inna, har da tari. Ta ce, 'Kaɗo! Littafin ma ta baya take buɗe shi? Shi ya sa hurarta ba ta damuwa.' Sannan ta yi kuka. Ta ce shekara biyu tana ɗauke da abin a ranta, ashe rashin sani na. Ta ce ki yafe mata maganar da ta faɗa miki ranar."

Ita ce ke neman in yafe mata.

Surukata ta kwance ɗaurinta ta ajiye mini faifai sabo, mai ja da baƙi, saƙar mai ido ɗaya amma babu inda ya karkace. Ta ce ta ce in zo, ƙafarta ba ta kai Mafara yanzu. Na dubi surukar tawa, ta dubi ƙasa. Ranar farko kaɗai ta ba da labari. Ranar da ta ce in juya na kore ta, da safiyar da ta karanta wa jariri, da duk la'asar ɗin da suka biyo baya, ta bar su a cikinta. Ta rufa mini asiri, kuma ba ta ce ta rufa ba.

Ɗana ya ce ranar Asabar zai kai ni, tafiyar ba ta da nisa. Sau biyu ina ɗagawa, na ce gwiwa, na ce baƙi. Wannan karon na riga na sa an daka geron furar da zan kai mata, ba ni da sauran hanzari. Na san yadda za a yi in na isa. Za ta fito tana laluben bango, ta ce Kaɗo, ta rungume ni, ta sa jikarta ta gaishe ni, a sake ba da labarin littafin a yi dariya. In na yi shiru, ƙawata ta dawo mini, kuma ita ma ta samu sauƙin da ta daɗe ba ta samu ba, mace da ta rasa ɗa da shanu da gida. In na buɗe baki na ce mata rana ɗaya ce kawai ban sani ba, sauran duk da sanina na yi, don zuciyata ta so ya zama ɓarawo, ban san ko za ta sake zuba mini ko ruwa a kwano ba. Ban san ma ko don ita nake son faɗa ba, ko don in sauke nawa kayan a kanta.

Kai da ka zauna ka ji duka, har rabin da mutanen gidana ba su ji ba, in kai ne za ka shiga ɗakin nan ranar Asabar, ka zauna kan tabarmarta, za ka karɓi yafiyar yadda ta zo, ko za ka faɗa mata?